Bitar Yini Ɗaya Ba Ta Raya Laburare

Duk wanda ya saba leƙa laburarorin gwamnati a garuruwanmu ya san fuska biyu gare su. Ta farko ita ce ta kullum: dogon zaure, shiru kamar gidan makoki, fanka tana juyawa in an ci sa'ar wuta, ɗalibai masu shirin JAMB da WAEC sun duƙufa a kan littattafan da suka zo da su daga gida, na kan kanta kuma suna gefe suna shan ƙura. Fuska ta biyu sau ɗaya ko sau biyu take bayyana a shekara, ranar da za a yi abin da ake kira taron bita ko taron ƙara wa juna sani.

Ranar nan za a share harabar, a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a rataya ƙyalle mai ɗauke da taken taro da Turanci. A takardar gayyata an rubuta ƙarfe tara, amma manyan baƙi sai hantsi ya dubi ludayi. A buɗe da addu'a, a gabatar da na kan babban teburi ɗaya bayan ɗaya, kowa da jerin muƙamansa. Uban taro ya yi jawabi, wakilin kwamishina ya karanta jawabin da ba shi ya rubuta ba, a koka kan yadda matasa suka daina karatu, a ɗauki hoto. Da an ɗauki hoton nan manya za su kama gabansu. Sai a waiwayi malamin da aka gayyato domin ya koyar, a raɗa masa cewa ya taƙaita don azahar ta gabato. Daga nan a raba abinci da kuɗin mota da satifiket. Washegari a ji a rediyo cewa an horar da matasa kaza a kan kaza.

Wa aka horar? Da me ya koma gida, ban da takardar da zai jefa a ƙasan akwati? In ya dawo mako mai zuwa da tambaya, wa zai tarar?

Maganata a nan ɗaya ce. Wannan biki ne, kuma biki bai taɓa koya wa kowa karatu ba. Abin da ke raya laburare, ya mai da shi na jama'a, shi ne jadawali: rana kaza, ƙarfe kaza, ɗaki kaza, malami wane, mako bayan mako, ko da mutum bakwai ne suka zo, ko da babu mai ɗaukar hoto. Duk hukumar laburaren da ba za ta iya manna irin wannan takarda a ƙofarta ta kuma cika alƙawarin da ke ciki ba, to ta daina cewa tana da shirye-shiryen al'umma.

Kada wani ya ce wannan tunanin Turawa ne aka kwaso. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi mata dattijai masu hankali, ta naɗa su jajoji, ta ba su malfa alamar aikinsu. Jaji takan jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurinta, su koyi karatu ta hanyar waƙoƙin da ta tsara da harshen da suke ji, su koma su koyar da na gida, sannan su sake dawowa. Sirrin abin yana cikin wannan dawowar. Nana Asma'u ta rasu a 1864, amma tsarin bai bi ta kabari ba, domin a kan maimaici aka gina shi.

Haka aka yi a zamanin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950. Azuzuwan manya ne aka buɗe a garuruwa da ƙauyukan Jihar Arewa, ana zama a zaure ko a gindin bishiya a ranaku sanannu. Waɗanda suka tsara abin, irin su Malam Ahmadu Coomassie, sun gane cewa wanda ya koyi haɗa baƙi da wasali zai manta in ba shi da abin karantawa. Shi ya sa hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya, har zuwa lokacin da aka rufe ta a 1959. Ga aji, ga abin karantawa, ga ɗakunan karatu na En'e inda mutum zai zauna ya duba Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kakanninmu da ba su da lantarki sun haɗa waɗannan abubuwa wuri guda. Mu da muke da dogayen gine-gine mun raba su: littafi yana ɗaki a kulle, mai son koyo yana waje.

In ana son a ga abin da ajin manya yake haifarwa, a dubi Kano. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta jiha. Cikin waɗanda suka ratsa ta azuzuwan manya akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda littafinsa In Da So Da Ƙauna ya zagaye ƙasar Hausa a farkon shekarun 1990. Akwai kuma Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, ta zo daga baya ta kama karatu a ajin manya. Ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Babban laburaren jihar Kano, wanda ke kan titin Ahmadu Bello, sunan yayanta yake ɗauke da shi, wato Janar Murtala Muhammad. A tsaya a yi tunani a kan wannan. Yau ma akwai dubban Balaraba a lungunan Kano da Katsina da Gusau da Azare, waɗanda aka katse wa karatu suna firamare. Wace rana ce tasu a jadawalin laburaren garinsu? Bitar yini ɗaya ba za ta fitar da Balaraba ba, ko da kuwa gwamna ne ya buɗe ta da kansa.

Misali na kusa shi ne zaman wata-wata da ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano ta daɗe tana yi, wanda laburaren Murtala ya ba masauki shekara da shekaru. Ba wani abin kallo ba ne: marubuci ya miƙe ya karanta gajeren labarinsa ko waƙarsa, na zaune su yi masa gyara, wani lokaci har a ɗaga murya. Amma marubuta da yawa a irin wannan zama suka fara jin an ce musu wannan jimlar ba ta zauna ba, wancan tauraron labarin bai yi kama da mutum ba. Darajar zaman tana cikin cewa kowa ya san wata mai zuwa ma za a yi. Abin tambaya shi ne, me ya sa sai ƙungiya daga waje ce za ta kawo irin wannan? Me ya hana hukumomin laburare na jihohinmu su mai da shi aikinsu, a kowane reshe, ga kowane rukuni na jama'a?

To me za a sa a jadawalin? Ba sai an ɗauko ƙwararre daga Abuja ba. A dubi abin da ke damun mutanen unguwa.

Tun 2015 JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Har yau akwai yaran da ranar jarrabawar ce rana ta farko da za su ɗora hannu a kan kwamfuta. Yaro ya san amsa, amma hannunsa yana rawa, lokaci yana tafiya. Kwamfuta biyar da sola da ma'aikaci ɗaya mai haƙuri, kowace Asabar da safe, sun isa su cire wa ɗaruruwan yara wannan fargaba kafin shekara ta zagayo.

Ga iyayenmu da ake damfara ta waya. A kira tsohuwa a ce daga banki ne, ta karanto lambobin katinta da bakinta, a kwashe ɗan abin da ɗanta ya turo mata. Ga magidancin da ke miƙa wa baƙo waya da lambar sirri don a cike masa fom, saboda bai iya karanta saƙon da aka turo masa ba. Zaman awa ɗaya a mako, da Hausa, kowa da wayarsa a hannu, a nuna masa yadda ake gane saƙon ƙarya da abin da ba a faɗa wa kowa, ya fi lacca goma a kan tattalin arzikin zamani.

Ga mata. Duk wanda ya san gidajenmu ya san cewa su ne suka riƙe kasuwar littattafan Hausa, daga zamanin shagunan hayar littafi har zuwa yau da ake karanta labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan masu alƙalami a cikinsu. Amma zauren karatu na laburare, in ka leƙa, kusan na maza ne da 'yan mata ɗalibai. Matar aure mai goyo ba ta da wuri a ciki, domin da yaron ya yi kuka za a zuba mata ido. A ware musu yini guda, ko safiyar wasu ranaku, da ma'aikaciya mace da tabarma a gefe don yara. Maigidan da zai yi jinkirin barin matarsa ta je taron da bai san kansa ba zai fi sakin jiki da ajin da ya san ranarsa da malamarsa da lokacin tashinsa.

Ga masu ajami. Muna da ɗimbin mutane da suka yi karatun allo, suna rubuta wasiƙa da lissafin kasuwancinsu da ajami, amma a takardun gwamnati ana lissafa su cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Wanda ya riga ya san cewa alama tana wakiltar sauti ba ya daɗewa bai kama boko ba. Haka kuma ɗan boko da ya gaji takardun kakansa ya kasa karantawa yana buƙatar mai koya masa. A zaunar da su ɗaki ɗaya, alaramma ya koyar, shi ma a koya masa. Wane wuri ne ya fi laburare dacewa da wannan?

Ga mu marubuta. Yawancin labaran da ke yawo a waya ba su taɓa ratsawa ta hannun edita ba. Ana rubuta ɗa a matsayin da, ƙasa a matsayin kasa, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba na haɗewa. Ba rashin basira ba ne, rashin mai nunawa ne. Ajin ƙa'idojin rubutun Hausa na mako takwas, wanda malami ɗaya daga sashen Hausa na kwalejin ilimi mafi kusa zai riƙa ɗauka, zai canza fuskar abin da muke karantawa.

Sannan yara. Tatsuniya tana mutuwa a gidaje da yawa saboda kaka tana ƙauye, jikoki suna birni suna kallon waya. A gayyato tsofaffin unguwa yammacin Alhamis su ba da Gizo da Ƙoƙi, a biyo da karatun shafi biyu daga Magana Jari Ce, a bar yaro ya taɓa littafi da hannunsa ba tare da an daka masa tsawa ba.

Na san amsoshin da za a ba ni, don an saba ba da su.

Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne laburare yana can ƙarshen layi in ana rabon kasafi. Ai ko hedikwatar Laburaren Ƙasa da ke Abuja, wadda aka ba da kwangilarta tun 2006, ta shafe kusan shekara ashirin ba a gama ba, har sai da uwargidan shugaban ƙasa ta nemi jama'a su tara gudunmawa a 2025. Amma a lissafa abin da bitar yini ɗaya take ci: hayar rumfa da kujeru da lasifika, buga ƙyalle, abinci, jakunkuna, kuɗin mota, ambulan ɗin 'yan jarida. A raba wannan kuɗi gida hamsin da biyu, a ga ko ba zai biya ɗan alawus ɗin malami ɗaya da alli da ruwan sha na shekara guda ba. Kuɗin da ake cewa babu, ana samunsa ranar biki. Dalilin da ya sa aka fi son bikin a fili yake: yana da rasit mai kauri, yana da hoton da za a sa a rahoton ƙarshen shekara, yana da kujerar da babba zai zauna a gan shi. Ajin mutum goma sha biyu na ranar Talata ba shi da ko ɗaya daga ciki. Ƙungiyoyi masu ba da tallafi ma suna da nasu laifin, domin adadin mahalarta suke tambaya, ba sa dawowa bayan wata shida su ga ko akwai wanda ya iya abin da aka ce an koya masa.

Za a ce waya ta maye gurbin laburare. Waya tana kawo rubutu, wannan ba musu. Amma ba ta zama kusa da kai ta ga inda ka kakare. Ba ta ba yarinyar da suke kwana su takwas a ɗaki ɗaya teburi da fitila. Kuma wanda bai iya karatu ba, wayar tasa ta sauraron saƙon murya ce kawai. Yawaitar waya ma ita ce ta ƙara buƙatar wurin da za a koya wa mutane yadda za su tace abin da take kawo musu.

Za a ce laburare wurin shiru ne, koyar da manya kuma aikin wata hukuma ce. Shiru yana da ɗakinsa, a bar wa masu jarrabawa. Amma ginin da ke da zaure da baranda da inuwar bishiya ba zai rasa inda mutum goma za su yi magana ba. Batun hukuma kuwa, Bayanin UNESCO kan laburaren jama'a, wanda aka fara fitarwa a 1949 aka kuma sabunta shi a 2022, ya sa tallafa wa yaƙi da jahilci da koyon zamani cikin ainihin ayyukan laburare. A nan Ibadan UNESCO ta yi taronta na 1953 kan bunƙasa laburarorin jama'a a Afirka. Shekara saba'in ke nan da 'yan kai. In hukumar ilimin manya tana da malamai ba ta da ɗaki, laburare yana da ɗaki ba shi da malamai, kuma duk gwamna ɗaya suke yi wa aiki, to me ya rage in ba wasiƙa ɗaya ba?

Akwai wata amsar da ba a faɗa a fili, kuma ita ce ta fi ciwo: raini. Wasu masu riƙe da harkar suna ganin abin da aka yi da Hausa bai kai a kira shi ilimi ba. Shi ya sa ake rubuta taken taro da Turanci a garin da ko mai gadin ƙofar da Hausa zai yi maka sannu da zuwa. Shi ya sa littattafan da matanmu suka fi karantawa suka daɗe ba su da gurbi a kantocin gwamnati. An kira su Adabin Kasuwar Kano, an yi ta muhawara a jaridu a kan ko adabi ne, har a 2007 aka tara wasu aka cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. A daidai wannan zamani Graham Furniss na jami'ar SOAS da ke Landan da abokan aikinsa suna tattara su, har suka fitar da kundin sunayensu na shekarun 1987 zuwa 2002. Jikanmu da zai so ya san abin da kakarsa ta karanta, ina za mu tura shi? Wanda yake ganin akwai ɓaraka a cikin waɗannan littattafai, maganinta ajin rubutu da zaman sharhi, inda za a zauna da marubuciya a nuna mata. Ashana ba ta gyara jimla.

Mu ma masu karatu da rubutu ba za mu wanke hannu ba. Muna zuwa bitar, mu karɓi kuɗin mota, mu sa hoton a Facebook, mu koma muna zagin gwamnati. Malaman jami'a da 'yan fansho da suka yi shekara talatin suna koyarwa suna zaune a majalisa daga la'asar zuwa magariba. Awa biyu a mako daga cikin wannan lokaci ba za ta gagara ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wani ne yake fara sunkuyawa.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba shi da tsada. Kowane laburaren jiha da kowane reshe nasa ya manna jadawalin wata uku a bakin ƙofa, da Hausar boko da ajami, a kuma karanta shi a gidan rediyon jiha. Kowane shiri ya kasance da sunan ma'aikacin da ke da alhakinsa. A ajiye rajista, kuma abin da za a ƙirga shi ne mutum nawa suka dawo a mako na huɗu da na takwas. A hana buɗe kowane aji da biki; in babba yana son zuwa, ya zo ranar rufewa ya saurari tsohuwar da ta karanta wasiƙa da kanta. 'Yan majalisar jiha kuma, ranar da shugaban hukumar laburare ya zo kare kasafinsa, su tambaye shi jadawalinsa kafin su tambaye shi kwangilar fenti.

Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44. A ce a kowace an sami ɗaki ɗaya da ake buɗewa a rana sananniya, da mutum ɗaya da ba ya saɓa alƙawari. Kai mai karanta wannan a wayarka, ka san inda laburaren garinku yake? Ka je cikin makon nan ka tambayi abin da suke yi ranar Asabar. In an ce babu, ka tambayi wa ke riƙe da makullin zauren, ka faɗa masa abin da ka iya koyarwa da ranar da za ka zo. Sannan ka zo, ka kuma dawo mako na gaba.